Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Hausa: A Rubuta Wa Yaron Da Ya Tashi Babu Uba Littafinsa

Zuwa ga shugabanni da membobin Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya a rassanta na Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato, Zamfara da sauran jihohin da ake rubutu da Hausa, da kamfanonin buga littattafai manya da ƙanana, da masu zanen hotuna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya ƙara wa alƙalumanku albarka, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na malamar da ke koyar da 'yan ƙananan azuzuwan firamare, domin in roƙe ku abu guda. Ku rubuta mana, ku zana mana, ku kuma buga mana littattafan yara masu hotuna da harshen Hausa, waɗanda yaron da labarin ke kansa ya tashi babu mahaifi a gida. Na san a cikinku akwai iyayena a wannan fage, akwai kuma malaman malamaina, don haka ban zo koya wa kowa sana'arsa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne shaidar abin da ake gani daga gaban allo, inda littafin da kuka rubuta yake isa hannun yaro ɗan shekara shida.

Ku ɗauki kusan kowane littafin karatu da ake bai wa 'yan aji ɗaya ko aji biyu, ku buɗe shafin da ake koyar da darasin iyali. Za ku tarar da hoto iri ɗaya. Baba yana zaune da babbar riga da hula, Mama tana gindin murhu, yara biyu ko uku suna wasa a tsakar gida, a ƙasan hoton kuma an rubuta cewa Baba shi ne shugaban gida, shi ke ciyar da mu, shi ke tufatar da mu, shi ke kai mu makaranta. Babu ƙarya a cikin wannan, kuma ba na neman a goge shi. Sai dai idan malama ta ɗaga littafin ta ce kowa ya faɗi sana'ar babansa, hannaye sukan tashi ta ko'ina, wannan ya ce direba, wancan ya ce manomi, wata ta ce tela, sai a hangi wani yaro can a gefe ya sunkuyar da kai yana ta fiƙe fensirin da ya riga ya yi tsini. Idan layi ya zo kansa, ko dai ya yi shiru har na kusa da shi ya amsa a madadinsa da ƙarfi ya ce, "Malama, ai shi ba shi da baba," ko kuma ya ƙirƙiro wata sana'a ya faɗa don a wuce shi. Na ga duka biyun, amma na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin yana nuna cewa yaron da bai cika shekara bakwai ba ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa gaskiyar gidansu abar ɓoyewa ce.

Irin waɗannan yara ba 'yan tsiraru ba ne da za a ce a bar su da malamansu. A zamanin Gwamna Kashim Shettima, gwamnatin Jihar Borno ta bayyana cewa rikicin Boko Haram ya bar marayu fiye da 50,000 a jihar, har ta gina manyan makarantu musamman dominsu. A Zamfara, kwamitin da aka kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya ba da rahoton cewa hare-haren 'yan bindiga sun mayar da yara fiye da 25,000 marayu. Waɗannan ƙididdiga ce ta shekarun baya, kuma kowa ya san kashe-kashen bai tsaya a nan ba, ya ma ratsa Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja da Kebbi, ya tsallaka har yankin Maraɗi. A ƙara da 'ya'yan sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da suka mutu a daji, da waɗanda hatsarin mota ko kifewar kwalekwale ko jinya ta raba da iyayensu maza.

Mutuwa kuma ba ita kaɗai ke fitar da uba daga gida ba. Auren zawarawa da Hukumar Hisbah ta Kano ta fara shiryawa tun 2012, wanda gwamnatocin da suka biyo baya suka ci gaba da shi, shi kansa shaida ne a kan yawan matan da aure ya mutu a hannunsu, kuma mafi yawansu da goyo ko da 'ya'ya suka koma gidan iyayensu. Akwai yaron da mahaifinsa ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, da farko yana aiko da saƙo, daga baya waya ta daina shiga. Akwai ƙauyuka a jihohin Tawa da Damagaram da idan rani ya yi sai a tarar mata da tsofaffi da yara ne kawai suka rage, maza sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, wasu su dawo da damina, wasu shiru. Akwai wanda aka sace mahaifinsa ba a ga gawa ba balle a yi zaman makoki, akwai wanda nasa yake gidan yari. Sannan akwai wanda ya fi su duka ruɗewa, wato yaron da mahaifinsa yana raye, yana cikin gari, ya san ƙofar gidan da ɗansa yake, amma ba ya leƙowa ko da ranar Sallah. Tambayar da ke cin zuciyar kowanne daga cikinsu daban ce. Maraya yana son ya san inda aka kai babansa da ko yana jin yunwa a can, ɗan da aka saki uwarsa kuwa sau da yawa yana zargin kansa ne, yana ganin wata ƙiriniya da ya yi ce ta jawo rabuwar. Littafi guda ba zai amsa musu duka ba, shi ya sa nake cewa littattafai.

Wani zai ce ai adabinmu bai taɓa mantawa da maraya ba, kuma da gaskiyarsa. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya, amma idan aka lura, kusan kullum uwa ce ta rasu, kishiyar uwa ce ke gallaza mata, tana aiken ta rafi mai nisa, har wata tsohuwa ko wani aljani ya saka mata da dukiya, 'yar mowa kuma ta kwaikwaye ta ta halaka. Uban yana nan a cikin labarin, ko da yake ba ya cewa uffan. Labari ne mai daɗi da darasi, amma yaron da ke kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa da ƙannensa a gidan kakansa ba zai ga kansa a ciki ba. Littattafan manya da finafinai kuwa, idan suka kawo maraya, sukan kawo shi ne da yagaggiyar riga da hawaye, baffa ya cinye gado, mijin uwa yana duka, har sai wani attajiri ya tsince shi. An yi wannan ne don a motsa zuciyar babba, kuma yana da wurinsa. Amma idan aka miƙa wa yaro ɗan shekara shida irin wannan hoton aka ce masa ga ɗan'uwanka, abin da zai koya shi ne cewa shi abin tausayi ne, kuma mafitarsa tana hannun wani mai kuɗi da bai zo ba tukuna.

Abin mamakin shi ne, babu al'ummar da ta fi mu kayan aikin da za a gina wani hoto dabam. Duk yaron da ya shiga Islamiyya ya san cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana da shekara shida, kakansa Abdul Muɗɗalibi ya riƙe shi har ya kai takwas, sannan baffansa Abu Ɗalib ya karɓe shi. Yaron ya kuma haddace Suratud Duha, wadda a cikinta Allah ya tunatar da Manzonsa cewa ya same shi maraya ya ba shi mafaka. Imam Shafi'i da Imam Ahmad da Imam Bukhari duk a hannun iyayensu mata suka tashi bayan rasuwar iyayensu maza. Muna faɗin waɗannan a mimbari da wa'azin azumi, amma galibi don mu zaburar da mai hali ya ba da sadaka, ba safai muke juyowa mu faɗa wa shi marayan ba. Tabbas ba za a zana annabawa ba, kuma babu mai hankalin da zai nemi haka. Amma ana iya zana kaka zaune a bakin gado da fitila tana ba jikanta wannan tarihi, a zana fuskar yaron a lokacin da ya fahimci cewa mafi darajar halitta shi ma bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Iyalai Kirista da ke karanta Hausa, a kudancin Kaduna da Filato da Bauci da Gombe da sauran wurare, su ma suna da nassoshinsu a kan maraya da gwauruwa, kuma rikice-rikicen nan ba su bar 'ya'yansu ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan littafi mai hotuna shi ne yadda yake aiki a hannun ƙaramin yaro. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas bai iya karanta dogon labari ba, kuma ba shi da kalmomin da zai bayyana abin da ke damunsa. Idan aka tambaye shi kai tsaye, zai ce babu komai. Amma idan babba ya zaunar da shi ya buɗe littafi, su biyun suna kallon wani yaro na daban, sai magana ta sami hanya. Yaron zai nuna hoton da yatsa ya ce, "Me ya sa yake kuka?" ko ya ce, "Shi ma a gidan kakarsa yake?" Daga nan uwar da ta yi shekara tana neman bakin zaren za ta iya cewa, "Eh, kamar kai." Irin wannan littafi ba ya bukatar kalmomi masu yawa, 'yan ɗaruruwa sun isa, wani shafin ma layi ɗaya ne, domin hoton ne ke ɗauke da abin da rubutun ya yi shiru a kansa. Rubutun zai iya cewa kawai, "Da safe muka sha koko," alhali hoton yana nuna hular uban har yanzu tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, da kekensa jingine a zaure taya ta sace. Yaron da abin ya shafa zai ga hular nan kafin kowa. Kuma yaro ba ya gajiya da maimaici, zai sa a karanta masa littafi ɗaya kowane dare, a kowane karatu kuma tambayarsa tana ƙara matsowa kusa da abin da yake son sani.

A nan nake roƙonku abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wato littafin ya faɗi gaskiya. Mun saba, saboda tausayi, idan uba ya rasu mu ce wa ƙaramin yaro "Baba ya yi tafiya." Niyyar kyakkyawa ce, amma yaro yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Wanda ya yi tafiya yana dawowa, don haka sai ya riƙa fita zaure duk lokacin da ya ji ƙarar babur, har ranar da wani yaro a layi zai gaya masa gaskiya a cikin faɗa, da mafi munin lafazi. A ranar ya yi rashi biyu, ya rasa uban, ya kuma rasa amincewa da maganar uwarsa. Littafin da ya dace zai yi amfani da kalmar rasuwa kanta, ya nuna mutane sun taru ana gaisuwa, ya nuna uwa a cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ya bar yaron cikin labarin ya yi tambayoyin da yara ke yi da gaske, har da waɗanda manya ke jin nauyinsu, kamar ko ita ma Mama za ta mutu, da wanda zai riƙa sayo masa takalmi. Ya nuna cewa ana yi wa mamaci addu'a, kuma addu'ar ɗa tana isa ga mahaifinsa, domin wannan yana ba yaro wani abu da zai iya yi da kansa. Haka ma littafin da ya shafi saki, ya kamata wani babba a cikin labarin ya durƙusa daidai tsayin yaron ya gaya masa a fili cewa ba laifinsa ba ne. Kada kuma a rufe labarin da cewa iyayen sun sasanta an mayar da aure, don kawai a faranta wa mai karatu. Yaran da za a karanta wa littafin, mafi yawansu iyayensu ba za su koma ba, kuma bai kamata a sa su jiran abin da ba zai zo ba.

Bayan gaskiya, sai rayuwa ta yau da kullum. Ba dole ba ne kowane littafi ya zama a kan rashin uba. Ina ma a ce za a sami labarin yarinyar da akuyarta ta ɓace ranar kasuwa, ko yaron da ke son ya koyi tuƙa keke, a ce kawai gidansu uwa ce da kaka da kawu, ba tare da an tsaya yin bayani ko jaje ba. Wannan shi ne zai fi gaya wa yaro cewa gidansu gida ne. Idan kuma za a taɓo wurin ciwon, safiyar Sallah ta ishe marubuci. Ku duba ta da idon yaro. An yi masa aski tun jiya, an sa masa sabon ɗinki, ya tsaya a ƙofar gida yana kallon kowane yaro riƙe da hannun babansa za su tafi Idi, ga ƙaramar darduma a kafaɗa, shi kuwa bai san wanda zai bi ba, uwarsa tana leƙowa daga bayan labule ita ma tana wannan lissafin. Sai maƙwabcinsu mai shago, ko kawunsa da ya taho da sassafe daga wata unguwa, ya miƙo hannu ya ce, "Taho mu tafi, kada mu rasa sahu." Ba a bukatar wa'azi bayan wannan. Yaron da ke sauraro ya ga cewa akwai hannun da zai riƙe, magidancin da ke karanta wa nasa 'ya'yan kuma ya tuna da yaron da ke gidan da ke kallon nasa.

Ina roƙon masu zane su kula da yadda za su fito da uwa. Matar da nake gani tana kawo ɗanta makaranta ba kullum take kuka ba. Tana suyar ƙosai ko awara da asuba, tana ɗinki, tana kitso, tana aikin asibiti ko koyarwa, tana adashi, tana yi wa yaron faɗa idan ya ƙi zuwa Islamiyya, tana kuma dariya. A zana ta haka. A zana dangi kamar yadda suke, domin yaron Bahaushe ba safai yake tashi daga shi sai uwarsa ba, akwai gwaggo da inna, akwai baffa da kawu, akwai yaya da ya zama uba tun bai yi gemu ba. Na san akwai baffannin da ke cin dukiyar marayu, Alƙur'ani ma ya yi musu kashedi mai tsanani, amma akwai ninkinsu da suka haɗa 'ya'yan 'yan'uwansu da nasu a kwano ɗaya ba wanda ya ji labarinsu. Sannan ga agola, wanda ya bi uwarsa gidan wani mijin, wanda sunan kansa ya zama abin gori a bakin mutane. Shi ma yana bukatar littafin da zai nuna ranar farko a sabon gida, da rashin sanin sunan da zai kira mai gidan da shi, da yadda a hankali ake sabawa, ba tare da an ce ya manta da mahaifinsa ba. Addini ya ce a kira yaro da sunan ubansa, kuma wannan bai hana wani ya riƙe shi da amana ba.

Akwai wani rukuni da na san zai fi wuyar taɓawa, amma ba zan tsallake shi ba. Su ne yaran da aka haifa ba ta hanyar aure ba, da waɗanda iyayensu mata suka dawo da su daga hannun waɗanda suka sace su. Kalmar da ake jifan su da ita kowa ya san ta, kuma yara sukan koye ta daga bakin manya tun kafin su san ma'anarta. Ba na cewa a yi wa 'yan shekara shida bayanin abin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Abin da nake cewa shi ne, littafin da ya nuna yaro ana yi masa gorin uba a filin wasa, sannan wani dattijo mai mutunci ya tsawatar, ya ce babu ran da ke ɗaukar laifin wani, zai yi aiki a kan masu gorin fiye da bulalar malama. A Maiduguri, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makaranta tun 2007 wadda daga baya ta riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare na rikicin, ta zaunar da su a aji ɗaya, har Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Idan an iya yin haka a kan benci, ana iya yin sa a kan takarda.

Na san za a sami masu cewa irin waɗannan littattafai za su rage darajar uba, ko su nuna wa yara cewa gida babu namiji ba komai ba ne, ko ma su ce wata aƙida ce ake son shigo da ita daga waje. Ina girmama wannan damuwa, amma ina ganin an juya lamarin. Littafi bai kashe mahaifin kowa ba, bai kuma rubuta wa kowa takardar saki ba. Yaran suna nan tun kafin a rubuta shi. Kuma littafin da ya nuna yadda yaro ke kewar mahaifinsa, yadda yake shinshina rigarsa da aka ajiye a akwati, babu abin da ya fi shi nuna girman uba. Mai yiwuwa ma wani da ya yi watsi da 'ya'yansa bayan ya saki uwarsu ya ci karo da shi ya ji kunya.

Wannan damuwa ce kuma ta sa nake cewa ku rubuta da kanku, kada mu dogara da fassara. A Turai da Amurka an daɗe ana buga littattafan yara a kan mutuwar uba da rabuwar iyaye, kuma akwai masu kyau a cikinsu. Amma gidan da suke nunawa uwa ce da ɗanta su kaɗai a bene, yaro yana ɗaukar jaka ya je wurin babansa a ƙarshen mako bisa tsarin kotu. A wurinmu, duk da cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, sau da yawa al'ada takan sa dangin uba su karɓi yaro bayan yaye, ko a kai shi riƙo wurin gwaggo, ko a tura shi makarantar allo a wani gari. Wanda bai san zaure da tsakar gida da turaka ba, bai san kunyar ɗan fari ba, bai san yadda uwa ke kauce wa kiran sunan mijinta ko bayan ransa ba, ba zai iya zana wannan gida ba.

Saura maganar kuɗi, wadda na san ita ce za ta fara zuwa bakin masu buga littattafai. Gaskiya ne buga hoto mai launi yana da tsada, takarda daga waje ake shigo da ita, kuma iyayen da suka fi bukatar littafin su ne mafi ƙarancin hali. Amma littafin yara shafi 24 ne ko 32, ana iya ɗinke shi da waya a tsakiya, ana kuma iya buga shi da launi biyu kacal idan mai zanen ya san aikinsa, kuma Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai daina yaye irinsu ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauci da Sakkwato ya nuna cewa ana iya buga littattafan Hausa masu hotuna da yawan gaske a raba su makarantun gwamnati. Dandalin African Storybook da na StoryWeaver suna ɗauke da labaran yara da Hausa waɗanda kowa zai iya saukewa a waya kyauta, kuma suna karɓar sababbi. Masu saye da yawa su ma suna nan idan an je musu da abu a hannu. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna sayen littattafai, hukumomin zakka da waƙafi irin ta Sakkwato da ta Zamfara suna raba wa marayu abinci da kayan Sallah duk shekara, haka ma ƙungiyoyin tallafa wa marayu da ke kusan kowace unguwa. Sanya ɗan littafi guda a cikin ledar shadda ba zai karya kasafinsu ba. Abin da kawai zan ƙara shi ne a buga da manyan haruffa, a kuma tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, domin da wannan littafin ne wasu yaran za su koyi karatu.

Ku kuka fi ni sanin cewa gasar da Baturen nan jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933 ita ce ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga a Zariya, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama da ba a san su ba. Saboda haka ina roƙon rassan ƙungiyarku su haɗa kai su sanya gasa ta littafin yara mai hotuna da Hausa, a shiga ta bibbiyu, marubuci da mai zane, a kuma sa wannan batu ya zama jigon shekarar farko. Ladan wanda ya yi nasara ya haɗa da buga littafin da raba shi, domin rubutun da ya tsaya a kan takardar yabo bai kai ga yaro ba.

Kafin a kai kowane rubutu maɗaba'a, a zaunar da matan da suka rasa mazajensu da waɗanda aka saka, da malaman firamare da na Islamiyya, da manyan da suka tashi a marayu ko agololi, a karanta musu, a ji inda ya yi daidai da inda zai yi rauni. A shafin ƙarshe kuma a sa ɗan bayani ga babban da zai karanta wa yaro, musamman malami, cewa kada ya nuna wani ɗalibi da yatsa a gaban aji ya ce labarin nasa ne, kuma idan yaro ya yi shiru a bar shi da shirunsa har ya zo da kansa. Mu malaman ƙananan azuzuwa a shirye muke mu karanta duk abin da kuka rubuto tun yana kan farar takarda, mu gwada shi a aji, mu dawo muku da abin da yaran suka ce. Ina fatan za ku sanya wannan batu a cikin ajandar taronku na gaba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya raya mana zuriya, ya kuma saka muku da alheri.

Wassalamu alaikum.

Taku a kullum,
Wata malamar firamare daga Zariya.